Wasan Da Ba A San Mai Shi Ba

Na'urar Matatsa ta soma aiki da hantsi, tana ɗan gurnani kamar firji. Siraran wayoyinta sun shige cikin wani tsohon akwatin wasan gem mai tsayin mutum, irin wanda ake bugawa a tsaye. Aikinta ta tsotso manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwar tsofaffin injuna kafin ta lalace.

Injiniya Rakiya Bichi ce ta ƙera ta a Gidan Adana Na'urori na Sabuwar Kano, a shekarar 2091. Akwatin kuwa na Baba Tanimu ne, dattijon da ya gaje shi daga shagon mahaifinsa. Wasan tseren motoci ne, kuma shi kaɗai ya rage a duniya.

Ana gab da gamawa sai Matatsa ta yi shiru.

"Lafiya, 'yata?" in ji Baba Tanimu.

"Mai-Tantancewa ne ya dakatar da ita, Baba," in ji Rakiya.

Mai-Tantancewa na'urar shari'a ce ta birnin. Ba a kwafar komai sai ya gano mai haƙƙinsa. To, kamfanin da ya yi wasan ya rushe shekara saba'in da suka wuce. Kamfanin da ya saye shi ya rabu gida uku, takardun kuma suka ɓace.

"Ya hana ke nan?"

"Bai hana ba, bai kuma yarda ba. Ya ce a jira mai shi."

"Ai ni ne mai shi."

"Katakon da gilashin ne naka, Baba. Abin da ke ciki ba naka ba ne."

Ƙwaƙwalwar akwatin ba za ta kai mako ba ta lalace. Rakiya ta san in ta kwafa a ɓoye za a ƙwace mata Matatsa, sai ta ɗaukaka ƙara. A rana ta huɗu hukunci ya fito: a kwafa, amma a kulle kwafin har mai haƙƙi ya bayyana. Ta amince, Matatsa ta ƙarasa kwafin.

Bayan kwana biyu, tsohon yana riƙe da sitiyarin akwatin, allon ya dushe, bai sake kamawa ba.

Rakiya ta ɗora masa wani ɗan gilashi kamar ƙwayar gyaɗa a tafin hannu. "Ga wasan nan, Baba. Zai yi shekara dubu bai lalace ba."

"Wa zai buga shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Babu kowa, sai mai shi ya zo."

Ya jujjuya gilashin na ɗan lokaci, ya miƙa mata.

"To ki ajiye masa," ya ce, ya ɗauki sandarsa.