Muryar da Ganuwa Ba Ta Tare Ba

Mijinyawa ya iso Bodinga daga Shagari bayan isha'i, ɗauke da maganin 'yarsa Daso da zazzaɓi ya kwantar. Ya tarar an rufe ƙofar gari. Ya yi ta dukan ƙyaure yana ƙwala wa sarkin ƙofa kira har muryarsa ta dishe, amma ganuwar nan mai kauri ta shanye ihun kamar ruwa a rairayi. Haushin karnukan cikin gari ma da ƙyar yake jiyo shi, kamar daga ƙasan rijiya.

"Wanga wane irin barcin asara ne?" ya ce, ya ƙara wa ƙyauren ƙafa.

Sai wata murya daga ciki ta ce a hankali, "Mijinyawa, bi ganuwa ta hagu, akwai kafa. Taho, ɗiyarka na jira."

Ya bi yana mita. Ya yi nisa, babu kafa, sai ƙaya. Nan ya tsaya. Ganuwar da ta cinye ihu, yaya raɗa ta ratso ta tas haka?

Ya toshe kunnuwansa da yatsu. Haushin karnuka ya ɗauke, kukan gyare ma ya ɗauke.

"Taho mana," in ji muryar, ba ta ragu ko kaɗan ba.