Lambar da Auta Ta Faɗa da Baki

Ba wani babban aiki ne ya tsayar da Auta a shagon wanki da guga ba bayan kowa ya tashi. Asusun tallafin gwamnati na mahaifiyarta za ta shiga, ta tabbatar musu cewa har yanzu ita ce ke kula da tsohuwar. Ranar ce ta ƙarshe. In ta wuce, maganin Inna na wata mai zuwa ya bi ruwa, su kuwa mutanen ofis ba su san wani abu wai shi "wallahi mantawa na yi" ba. Wayar Auta ƙarama ce, kira da saƙo kawai ta iya, shi ya sa ta roƙi mai shago ya bar mata kwamfutar kan teburinsa.

Ya ajiye mata makulli, ya ce, "Kada ki kai magariba a nan. Ni ko biyana za a yi ba na zama cikin kayan nan in rana ta faɗi."

"Haba maigida, da girmanka riguna kake tsoro?"

"Yi dariyarki. Na can baya, waɗanda masu su ba su dawo ba, wani lokaci in na zo da safe sai in tarar kamar an sa su an cire."

Ya fita. Ƙararrawar da ke saman ƙofa ta kaɗa, ta yi shiru.

Auta ba matsoraciya ba ce, amma tana da wani hali da ta daɗe da daina lura da shi. Tun da idon Inna ya tafi, ita ce idonta. Ita ke karanta mata takardar magani, da saƙon 'yan uwa, da allon kanti in sun fita. Karatun ya bi mata jiki har ta kai ba ta iya kallon rubutu bakinta a rufe. Abokan aikinta har tsokanarta suke yi, wai in kana son sirrinka ya zaga gari, ka rubuta ka ajiye inda Auta za ta gani.

Inna kuma tana da nata halin. Ba ta buɗe wa kowa ƙofa da murya kaɗai. Sai ta sa sarƙa, ta ɗan buɗe, ta ce a miƙo hannu. A wuyan hannun Auta na dama akwai tabon dutsen guga, tun shekarar da ta fara aiki, kuma sai Inna ta shafa shi take zare sarƙar. Ranar da Auta ta yi mata bayanin sabon tsarin gwamnati, wai kalmar sirri ba ta isa, sai an turo maka lamba ta waya ka ƙara, Inna ta taɓe baki ta ce, "Sai yanzu suka yi hankali? Ai wurina suka sata."

Kwamfutar ta yi ta jan jiki kamar tsohon jaki. Kafin shafin ya buɗe, hasken waje ya yi ja, ya fara komawa toka. Shagon na warin sitaci da sabulu da ɗumin tiririn da bai gama fita ba. A bayanta riguna ne jere a kan hanga, kowacce cikin ledarta, layi bayan layi har can ƙuryar da fitila ba ta kaiwa.

Ta rubuta kalmar sirri, leɓenta na motsi. Allon ya ce an tura lamba zuwa wayarta.

Leda ta yi ƙara a baya.

Ta waiwaya. Fanka a kashe take. Taga a rufe. Ta ce a ranta ɓera ne, ta juyo.

Wayar ta yi haske. Auta ta ɗago ta, ta karanta kamar yadda ta saba, a fili, a hankali, yadda Inna ke so.

"Kada ku faɗa wa kowa wannan lamba. Bakwai, biyu, tara..."

Sai ta ji kamar ana maimaitawa. Ƙasa-ƙasa, daga cikin rigunan. Ta yi shiru, aka yi shiru. Amma bakin ya riga ya saba, bai jira izininta ba. Ya ƙarasa sauran ukun.

Wannan karon ba a maimaita ba. Tare aka faɗa.

Ta sa yatsa za ta rubuta lambar. Kafin ta taɓa komai, shafin ya canza da kansa. An riga an yi amfani da wannan lamba. An tabbatar da mai kula. Barka da dawowa.

Wani sanyi ya bi ta bayan wuyanta, mai warin kayan da suka kwana a jiƙe. Hanga ta yi ƙara a kan ƙarfe, ɗaya, sannan ta kusa da ita, sannan ta gaba, kamar wani na ratsowa ta tsakiya yana ture su da kafaɗa. Ta kai ido ga ƙusar da take rataye mayafinta. Babu mayafi.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

Ta cikin gilashi ta ga mace ta fita titi, sanye da mayafinta, tana ɗan jan ƙafar hagu yadda ita Auta ke yi in ta wuni a tsaye. Matar ba ta yi dube-dube ba. Ta karya kwanar da ke zuwa gidansu.

Auta ta buɗe baki za ta yi salati. Babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Iska kawai, ko tari babu.

Inna ita kaɗai ce a gida.

Ba ta san ta bar shagon a buɗe ba. Ta dai san takalminta ɗaya ya fita a bakin kwata, ba ta tsaya ba. Fitilun titi na kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta wuce mai gyaran babur yana haɗa kayansa, ya ɗago ya ce, "A'a, ba yanzu kika wuce ba? Har kika gaishe ni?"

Ta ƙara gudu.

Matakalar benensu duhu ce, ƙwan fitilar ya daɗe da mutuwa. Warin sitaci ya riga ta hawa. Tana kaiwa tsakiya ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofarsu, irin ƙwanƙwasarta.

"Inna, ni ce. Buɗe, na gaji."

Muryarta ce. Har da ɗan shagwaɓar da take yi in tana son a tausaya mata.

Ta ji jan silifas ɗin Inna. Ta ji sakata. Hasken ɗaki ya faɗo siriri ta tsagar ƙofa.

"Kin daɗe," in ji Inna. "An yi abin?"

"An yi. Sun tabbatar ni ce."

"To. Miƙo hannu."

Auta ta rarrafa matakala biyun ƙarshe. Ta ga hannu ya fito daga cikin mayafin, ya shiga tsagar. Ta ga yatsun Inna, busassu, suna bin wuyansa. Suka bi sama. Suka dawo ƙasa. Suka tsaya.

"Yau kin yi sanyi," Inna ta ce da raɗa.

"Ruwa na taɓa. Zare sarƙar mana, Inna."

Inna ta saki hannun a hankali.

"Muryar 'yata ce. Hannun ba nata ba ne. Koma inda kika fito."

Abin ya tsaya cak. Sannan ya juyo.

Ƙarƙashin mayafin babu fuska. Wani abu ne fari, shafaffe, kamar zanin gado da aka goge da kyau. Ya sunkuyo kan Auta har ta ji ledar na ƙara a kunnenta. Ba fuskarta yake kallo ba. Hannunta yake kallo, ya daɗe yana kallo.

Ƙofa ta fara rufuwa.

Auta ta yi wani yunƙuri da ba ta san tana da ƙarfinsa ba, ta cusa hannunta cikin tsagar. Katako ya matse shi. Ba ta iya ko ihu ba.

Yatsun Inna suka sauka kan tabon.

"Wace ce? Yi magana."

Shiru. Sai numfashi.

"Ni ce, Inna," abin ya faɗa daga bayanta, da taushi. "Hannuna ne."

Ga murya a can sama, ga hannu ya shigo daga ƙasa, jiƙe da gumi. Inna ta damƙe shi. Sarƙa ta faɗi, aka fizgo Auta ciki, ƙofa ta bugu, sakata ta shiga. Tsohuwar ta jingina da ƙofar tana addu'a, tana riƙe da kan 'yarta a ƙirji, har warin sitacin ya sauka matakala ya tafi.

Muryar Auta ta dawo bayan kwanaki, amma a dishe, kuma haka ta zauna. Ta je ofis da ƙafarta aka canza mata kalmar sirri da lambar waya. Ma'aikaciyar ta duba ta ce ita ba ta ga matsala ba, ai an shiga daidai, an tabbatar a kan lokaci, magani ma zai fito. Auta ba ta yi gardama ba. Yanzu in saƙo ya shigo, sai ta toshe bakinta da tafin hannu kafin ta kalli wayar, kuma babu mai tsokanarta.

Ba ta ƙara kai magariba a waje ba. Duk da haka, wasu ranaku in rana ta faɗi suna zaune, sai a ƙwanƙwasa, tsohuwar muryarta mai daɗi ta ce, "Inna, ni ce." Su yi shiru har a gaji.

Sai mai shago ya fara faɗa. Wai wane ne ke barin dutsen guga a kunne? Kullum in ya buɗe da safe sai ya tarar da shi da zafi, ga ƙauri ya cika shagon, alhali babu rigar da ta ƙone.

Ranar da layin karɓar magani ya riƙe Auta har duhu ya fara, ta hau matakala da gudu, ta miƙa hannu tun kafin a tambaya. Inna ta daɗe tana shafa tabon kafin ta zare sarƙa.

"Ta riga ki zuwa," ta ce. "Yau da tabo ta zo. Irinsa sak."

Auta ta ce, "To yaya aka yi kika gane?"

"A hagu ta yi shi." Inna ta ƙara matse hannun 'yarta. "Kuma da bakina na faɗa mata cewa ba a wannan hannun yake ba."