Ungozomar da Ba Ta Taɓa Haihuwa Ba

Salima ta je Aliero duba ƙawarta Dije, ƙanwar saurayinta Waliyyu, wadda ta dawo gida daga Maiyama goyon cikin fari. Har ƙasa ta durƙusa ta gaida uwarsu, amma Hajiya Tamu ko tabarma ba ta miƙo mata ba.

"Ke ta ungozomar?" ta ce tana taɓe baki. "Garinmu tsohuwa ka yanke cibiya. Budurwad da idonta yab buɗe ga wanga abu, ɗana ba shi aurenta."

Salima ta miƙe tsaye. Wata huɗu ke nan da aka turo ta asibitin Jega, lokacin jihar sabuwa ce ba isassun ma'aikata, tana koyon aiki a hannun Sista Margaret, wadda kullum ke cewa: abin da ya fi ƙarfinki, kawo shi da wuri.

A ɗaki ta tarar da Dije tana cizon zane. Ashe tun jiya take naƙuda, kunyar ɗan fari ta hana ta magana, uwar kuwa sai yabon wannan kunya take yi wa maƙwabta! Salima ta lalubi cikin. Ɗan a gicciye yake.

"To likita, karɓi haihuwar mu gani," in ji Hajiya. "In kin iya, na ba ki Waliyyu."

Wallahi ran Salima ya so. Amma ta ce, "Ban iyawa, Inna. Sai Jega, yanzu."

Matan gidan suka kwashe da dariya. Waliyyu da ke bakin ƙofa bai yi ba. Ya sauke buhunan albasa daga motarsa a kan titi, ya juyo da ita.

A Jega Sista Margaret ta taɓa cikin sau ɗaya ta aika a kira likitan tiyata. "Da kin gwada, da gawa biyu za ku kawo," ta ce wa Salima.

Irin su Hajiya Tamu ba sa ba da haƙuri. Ranar suna dai aka ji ta tsakiyar mata, jika a cinya, tana cewa, "Ni naz zaɓa mai ita, tun hwarko."

Bayan salla aka ɗaura auren Salima da Waliyyu. 'Yan mata, ku yi haƙuri da dariyar mutane: kalmar "ban iyawa" ce ta ceci rai biyu, ta kuma ba ta miji.