Ɗigon Rawayan Fenti

Tsohuwar jif ɗin Dafina, likitar dabbobi, ta tsaya ne da hanci a jikin wata bishiya, taku kaɗan kafin kwazazzabo, a kwanar da ke saman garin Devin. Tayar gaba ta dama ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin motar. Kafin sajan 'yan sanda Rumyana Kehayova ta iso an wuce da Dafina asibiti, ƙugu a karye. Maƙwabcinta Nedyalko, mai kiwon zuma, shi ya ciro ta, don yana bayanta a hanya.

Rumyana ta kwanta a ƙasa ta leƙa. Gwiwar ƙarfen da ke riƙe tayar ta fice daga gurbinta, notin ya warware ya faɗi. A ramin da ake zura ɗan fil mai hana noti juyawa, babu fil. Wata siririyar waya ce a tsinke. Ta zare ta, ta sa a leda.

Kowa a garin ya san a makon jiya Bai Zlatan bakanike (Bai laƙabin girmama dattijo ne a wurinsu) ya canza wa motar gwiwoyi da shokazoba. Kafin rana ta take har mutum biyu sun je sun janye motocinsu daga garejinsa.

Rumyana ta same shi zaune a kan tsohuwar taya. Abokin marigayi babanta ne, a garejin nan ta koyi tuƙi.

"Kawu, kai ka ɗaure notin nan?"

"Wa kuma, Rumi? Mu biyu ne a nan, ni da kyanwa."

"Ka sa fil?"

Ya ce, "Duk notin da na gama ɗaurewa, sai na ɗiga masa rawayan fenti. Na je na duba motar da idona. Na hagu akwai ɗigo. Na dama babu." Ya kalli hannuwansa. "Jiya ma na nemi tabarau, yana kaina. Rubuta kawai, ni ne."

"Ba rubutu na zo yi ba tukuna."

Ranta a jagule ta fita. In ya amsa laifin sakaci, gareji ya rufe ke nan, kuma kotu na gaba.

A barandar asibiti ta tarar da Kamen, mijin Dafina, malamin kiɗa. An ce sun sha faɗa kan yawon da take yi a duwatsu ita kaɗai, sai ta tambaye shi.

"Faɗa kam muna yi," in ji shi. "Amma ni da sifana? Tambayi kowa. Ƙusa ɗaya na taɓa bugawa a bango, sai da aka kira mai gyara."

"Asabar da Lahadi ina motar take?"

"A tsakar gida. Mun tafi biki Plovdiv a bas. Mun bar wa Bai Nedyalko mabuɗin ƙofa ya ba kaji abinci, kamar kullum."

"Yau da safe fa?"

"Hutu gare ta. Aka kira ta, saniya ta kasa haihuwa, ta fita ko kofi ba ta sha ba."

Rumyana ta koma inda aka ajiye motar. Ta goge gwiwar hagu da tsumma: sabuwa dal, giris mai haske, ɗigon fenti a kan noti. Ta goge ta dama. Robarta ta tsage, giris ya yi baƙi ya bushe, ƙarfen ya ci tsatsa. Mantuwa tana iya hana mutum sa fil, amma ba ta mayar da sabon ƙarfe tsoho a mako guda. Ta fito da tsinkakkiyar wayar daga leda ta murza ta a yatsa. Wani abu mai santsi ya maƙale mata. Ta shinshina. Kakin zuma.

Nedyalko yana can bayan gidansa yana sauke amyoyin da babu komai a ciki. Jif ɗinsa irin ta Dafina ce sak, launi ne kawai ya bambanta. Rigarsa har yanzu da jinin Dafina.

"Sannu da ƙoƙari, Bai Nedyalko. An ce kai ka ciro ta."

"Kowa ma zai yi."

"Ka kai ƙudan zumar kan dutse?"

"Ranar Lahadi. Furanni ba sa jiran kowa."

"Da wannan motar? Ba ita ce ke kuka kamar ƙofar coci ba? Tun daga kasuwa muke jin zuwanka."

Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Ta yi shiru yanzu."

"Bari in ga maganin da aka yi mata."

Bai hana ta ba. Ta durƙusa ta leƙa bayan tayar dama. Sabuwar gwiwa, da ɗigon rawaya a kan noti. A jikin katangar gidan kuwa ga ƙullin siririyar wayar da yake ɗaura wa allunan saƙar zuma.

Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwoyinta. "Gwiwar motarka ta mutu, kana da kaya masu nauyi da hanyar dutse. Ga ta Dafina sabuwa a tsakar gida, ga mabuɗi a aljihunka. Ka cire tata, ka sa mata taka. Fil biyu ya kamata a samu. Ina ɗayan?"

"Nawa ya karye wajen cirewa," ya ce a hankali. "Na sa nata a tawa, na ɗaure tata da waya." Ya zauna a kan amya. "Aro na yi, 'yar nan. Na aika a kawo mini sabuwa, ba ta iso ba. Na san yau ba ta aiki. Da rana zan mayar mata da abinta. Sai na ji motar ta tashi. Na bi ta ina ta danna oda, ita kuma tana ɗago mini hannu, ta ɗauka gaisuwa ce."

"Ka ji abin da ake faɗa a kan Bai Zlatan?"

"Na ji."

"Ka yi shiru."

Ya roƙi ta bar shi ya canza riga kafin su tafi ofis, ta bar shi.

Da yamma ta biya gareji. Zlatan ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba. Ta zaci za ta ga sauƙi a fuskarsa, amma ba ta gani ba.

"Hannunka bai manta ba, Kawu."

"Yarinyar za ta taka?"

"Likitoci ba su ce komai ba tukuna."

Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko wani gwangwanin kofi, ya girgiza shi. Cike yake da fil, manya da ƙanana.

"Tare muka yi soja da Nedyalko," ya ce. "Gidansa ga shi can, ana hango hayaƙi. Ai da ya leƙo ya ce in ba shi ɗaya, da na ba shi."