Gidan da Aka Ɗora a Kan Kududdufi

Da hantsi Miƙau ta fara tura gidajen Unguwar Masaƙa. Na'ura ce mai miƙe tituna a birnin Sabuwar Dargaza, inda kowane gida yake zaune a kan ƙafafun ƙarfe. Sai ta ɗaga gida ɗungurungum da mutanensa, ta ajiye shi a layi. Hukuma ta ce ta gaji da lunguna masu kwana-kwana, miƙaƙƙen titi take so, kamar an ja zare.

Injiniya Tasalla na ɗakin lura, tana kallon allo, ta ga an ɗaga gidan mahaifiyarta. Da ta duba inda za a sauke shi, sai ta miƙe zumbur.

Wurin nan ai tsohon kududdufi ne! Nan mutanen dauri suka haƙi ƙasar gini, damina ta cika ramin, daga baya aka cike shi da shara. Shi ya sa lungun ya karkace: kauce masa aka yi. Ita kuwa Miƙau daga sama take auna ƙasa, abin da ta gani shimfiɗaɗɗe, to shi ke nan, fili ne.

Nan take ta kira mahaifiyarta a waya.

"Inna, ki fito! Ki fito yanzu!"

"Ke 'yar nan, in fito ina? Muna sama fa," in ji tsohuwar, har da dariya. "Ga shi ma an sauke mu. Oh, ikon Allah, ko ruwan randa bai zube ba."

Tasalla ta danna maɓallin tsayarwa. Allo ya rubuta: *Ba a tsayawa sai layi ya cika.* Ta sake dannawa, ta doke shi da tafin hannu. Ina!

"Tasalla," muryar Inna ta sauya. "Tsakar gida na tsattsafo da baƙin ruwa. Ƙofa ta ƙi buɗuwa."

"Ki hau gado! Ki hau komai, ga ni nan!"

Tasalla ba ta kai bakin ƙofar ɗakin lura ba wayar ta ɗauke. Ta tsaya, ta waiwaya. A kan allo, gidan ya karkata, ya nutse har rufi, ƙasa ta haɗe.

Miƙau ta auna layin, ta ga giɓi. Sai ta miƙa hannuwanta, ta ɗaga gidan maƙwabta.