Riƙe Totur, Yanzu Zan Dawo

A kan ƙanƙarar Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, ba a kashe inji. In ya mutu sanyi ya kama shi, to kai ma ka bi shi. Lyle bakanike ya san haka, domin wansa Otis ne ya koya masa aikin.

Ran nan su biyu suka fita daga sansani gyara tutocin da ke nuna hanya, guguwa ta rufe su, babur ɗinsu na kan ƙanƙara ya mutu. Suna lalube sai Lyle ya ji warin dizal. Sannan ƙara, daga ƙarƙashin ƙafarsu. Dum, dum, dum.

Suka tona, suka iske murfin ƙarfe, suka ɗaga shi. Ashe tsohuwar motar masu binciken nan ce, ƙatuwa kamar gida, wadda aka ce an yar tun zamanin kakanni.

"Shiga mana, matsoraci," in ji Otis yana dariya. "Ko sai na goya ka? Bari in ɗaure igiya."

Lyle ya sauka. Ciki da ɗumi, ga warin mai da na tsohon bargo. A kujerar direba wani mutum na zaune, fatarsa a bushe kamar kilishi, ƙafarsa a kan totur.

Wuyan mutumin ya yi ƙas. Ya juyo.

"Kun daɗe," ya raɗa. "Cewa suka yi in riƙe kar ta mutu, yanzu za su dawo."

Hannunsa mai sanyi ya damƙe wuyan hannun Lyle.

"Ba ka fita sai an karɓe ni. Ko kai, ko wani."

Otis ya diro. Ɗumin ya sa tabaraunsa ya yi hazo, ba ya ganin komai.

Lyle bai ko yi dogon tunani ba, abin takaicin ke nan.

"Yaya, injin zai mutu. Zo ka taka totur in dubo mai. Yanzu zan dawo."

Hannun ya sake shi. Mutumin ya zube a hankali, sai tufafi kawai suka rage.

Otis ya lalubo kujera ya zauna. "To yi sauri, malalaci."

Lyle ya haye tsanin motar. Murfin ya rufe a bayansa da kansa.

A waje guguwa ta lafa. Ya bi tutoci har sansani, ya ce wansa ya ɓace a iska. Da aka fita nema, shi da kansa ya nuna musu wata hanya daban.

Da bazara wannan yankin ƙanƙarar ya ɓalle, ya tafi teku da duk abin da ke cikinsa.

Lyle ya koma garinsu a Minnesota ta Amurka, ya bar kanikanci, ya fitar da kowace rediyo daga gidansa. A banza. Ko ta maƙwabci aka kunna, sai ya ji dum, dum, dum, sannan muryar Otis. Da zagi ne ma, da sauƙi. Babu ko ɗigon fushi a cikinta.

"Ƙanena, ina riƙe da ita, kar ka damu. Kai dai ka rufe kunnuwanka da kyau, akwai sanyi a waje."