Ke ce Inuwata

Ranar da Mbarek ya fara ganin Ijja, a kwance yake, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma, allon da yake zamiya da shi a kan ƙanƙara ya yi gaba ya bar shi. Ta fito daga garken awaki da bokiti a hannu, ta tsaya a kansa.

"Baƙo, a nan ka sauka, ko wucewa kake?"

"Garin nake dubawa," in ji shi, yana tofar da ƙanƙara. "In ya yi mini, in zauna."

"Ka fara da ɗanɗana ƙasarmu, ka kyauta."

Ina bakin shagona na shayi na ga komai. Kallo ne ya rage mini, tun da gwiwoyina suka riga ni yin ritaya.

Mbarek ɗan Zagora ne, garin dabino da rairayi. Dako ya kawo shi duwatsu, yana bin baƙin da ke hawa tsauni da ƙafa don su sauko da zamiya a kan ƙanƙarar da ba wanda ya taka, har ya zama ɗan jagora. Ya zaga garuruwa yana neman wurin zama: wannan hayaniya ta yi yawa, wancan ƙanƙararsa na narkewa kafin baƙi su iso. Shekarun nan ƙanƙara rowa take yi. Da ya shigo kwarinmu sai ya hango gefen da rana ba ta leƙawa duk hunturu, wanda muke kira amalu, wato inuwa. Can ƙanƙara ke daɗewa. A gindinsa akwai tsofaffin gidaje babu kowa ciki. Bai tambayi dalili ba, ya kama ɗaya.

Soyayya ta kama su a waya, kamar ta kowa a yanzu. Yana ce mata hantata, yadda ake kiran masoyi a wajenmu.

"Hantata, yau na hango hayaƙin gidanku daga sama. Na san ke ce a murhu."

"Inna ce. Ni ina wanki. Ka kula da ƙafarka, mai faɗuwa."

Wata safiya ya zauna a shagona yana murmushi, ya rubuta mata abin da ya ɗauka ya fi duk wata magana daɗi:

"Ijja, na zaga ko'ina ban ga wurin zama ba sai ke. Ke ce amaluna."

Ba ta amsa ba. Washegari ma shiru. Da mako ya zagayo sai aka fara ganin motar Si Tayyib, mai shagon magani a Marrakesh, a ƙofar gidansu. Mutum ne mai tumbi da natsuwa, wanda bai taɓa hawa abin da ya fi matakalar masallaci tsawo ba.

Mbarek ya zo mini ya rame, ya nuna mini saƙon.

"Dda Muha, me na faɗa?"

Ni da matata ta tafi ganin gida tun zamanin da nake da gashi, ni ake tambaya sirrin mata. Amma wannan kam na sani.

"Ɗana, a garinku inuwa rahama ce. A nan, inuwa muke kai matattu. Wanda aka ce masa amalu, an ce masa mai sanyin zuciya, wanda gidansa ba ya ganin alheri. Kuma wan Ijja, Hammu, a can ƙanƙara ta zafto ta rufe shi, yana neman tumaki. Ubanta yana tsaye a taga yana kallo. Sai bazara aka same shi."

Shayin Mbarek ya huce, ban ma caje shi ba, abin da ban saba ba.

Washegari ya tafi wurin Dda Bihi, mahaifin Ijja. Na bi shi a matsayin waliyyi, don babu wani. Tagar ɗakin da ke fuskantar dutsen an toshe ta da laka tun shekarar Hammu.

"Na riga na ba amalu ɗa ɗaya," in ji tsohon. "Bai ce in ƙara ba."

"Baba, ban san ma'anar kalmar a nan ba. A wurinmu jariri a inuwa ake kwantar da shi. Matafiyin da bai samu inuwa ba, ba ya kaiwa gida. Abin da na ce mata ke nan."

"Za ka bar hawan?"

"In na ce zan bari, ƙarya na yi maka. Shi na iya. Amma gidan can na mayar da mabuɗinsa. Zan zauna a gefen rana, kusa da ku, ko da tafiyata za ta ninka kullum."

"Daga gefen rana ana ganin dutsen duka," in ji Dda Bihi a hankali. "Ka san abin da kake roƙa mata?"

Sai ga Ijja ta ɗaga labule, tire a hannu, idonta ja.

"Baba, Si Tayyib ya ce a gidansa ba a ganin dutse ko kaɗan. Na yi tunani a kai. Ba zan iya ba. Hammu yana nan." Ta juya ga Mbarek. "Kai kuma, mai faɗuwa, nan gaba in za ka yi zance da yaren mutane, ka tambaya."

"Na tuba, hantata."

"Ban ce na yafe ba. Sha shayinka."

Aka ɗaura aure bayan an tsinke tuffa. An buga ganga, mata suka jeru kafaɗa da kafaɗa, na yi rawa har gwiwata ta tuna mini shekaruna. Dda Bihi ya dafa kawunansu ya ce Allah Ya ba su zuriya, Ya dawo da mai fita. A kan na biyun muryarsa ta karye.

Ɗakinsu a saman gidan tsohon aka gina. Magini ya tambaya ko ya rufe bangon da ke kallon dutse, kamar na ƙasa. Ijja ta ce a yi taga, babba.

"In jira zan yi, gara ina gani."

Ƙanƙarar bana ta makara, amma ta zo. Kowace safiya Mbarek yakan tsallaka kwari ya shige inuwa, ɗan ɗigo baƙi a kan fari. Jiya ta sauko sayen sukari, wayarta ta yi ƙara, ta karanta ta miƙo mini don in daina leƙe.

"Na kai sama lafiya. Ina ganin tagarki."

Ta rubuta masa: "Sauko a hankali. Inuwarka na nan."